Ƙafa Uku a Bakin Layi

Mahaifinmu ya rasu a damunar 2023, ya bar mana gida mai ɗaki uku a wata sabuwar unguwa da ke gefen birnin Kano. An yi rufi, an sa ƙofofi, amma babu katanga. Abin da ya raba tsakar gidanmu da idon masu wucewa shi ne tsofaffin kwanukan rufi da aka kafa a jikin itace, sai zana biyu ta wajen madafa. Da Umma ta fita takaba muka tare a ciki, domin hayar da muke biya a cikin gari ta fi ƙarfinmu. Ni ne babba, ina da ƙanne mata biyu, kuma ban daɗe da gama hidimar ƙasa ba. Saboda haka, ranar da ɗan haƙƙin Baba ya fito daga wurin aikinsa, babu wanda ya tsaya shawara a kan abin da za a yi da shi. Katanga za a yi.

Maginin da Kawu ya kawo mana dattijo ne da ya san aikinsa. Ya zo da sassafe da igiya da turaku, ya zagaya filin, ya fara kafawa. Ta baya da gefe biyu ya bi duwatsun awo sak. Da ya iso gaba, bakin layi, sai na ga ya tsallake dutsen ya kafa turkensa ƙafa uku a waje. Na ce, "Baba, ai ga dutsen nan ka baro shi a baya." Bai ko ɗago ba ya ce, "Ɗana, dubi layin nan tun daga bakin titi. Wa ka ga ya tsaya a kan dutsensa? In ka tsaya a naka, gidanku ne kaɗai zai zama giɓi." Na duba kuwa, gaskiya ya faɗa. Kowa ya ɗan ci, wani ya ƙara da dakali, wani da ramin masai, har layin da taswira ta ba ƙafa 30 ya koma inda mota biyu ba sa iya gifta juna.

Na ce a dakata sai na karɓo takardar izinin gini. Kawu ya yi dariya har da tafa hannu. Ya ce, "Katanga ce fa, ba bene ba. Filin ubanka, kuɗin ubanka, sai ka je ka durƙusa wa wani yaro mai biro ya yarje maka?" Umma tana jin mu, ba ta ce komai ba. Zan yi ƙarya in na ce tsoron Allah ne ya kai ni ofishin masu tsara gari a ranar farko. Tsoron jan fenti ne. Na sha ganin katangun da aka shafa wa jar alama, na kuma ga abin da katafila take bari idan ta wuce, kuma kuɗin da ke hannunmu ba su da na biyu.

Amma tambayar Kawu ta bi ni har kan bencin ofishin, ta zauna tare da ni makonni. Don me mutum zai nemi izini kafin ya suturta iyalinsa a cikin abin da yake nasa? Ba tambayar wasa ba ce, kuma duk wanda ya yi saurin ture ta bai taɓa kwana da mata uku a bayan kwanon rufi ba. Katanga a wurin Bahaushe sutura ce kafin ta zama komai. Gidan da babu ita, matar gidan ba ta da inda za ta cire mayafi ta sha iska. Sannan wane ne wannan da ake neman yardarsa? Unguwarmu babu ruwan famfo, sai na 'yan ga-ruwa. Babu lambatu. Tsaron dare mu muke haɗa kuɗi mu biya 'yan sintiri. Hukumar da ba ta zo mana da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ita ce za ta zo da gwangwanin fenti. Kuma kowa ya san inda aka toshe hanyar ruwa da gini mai hawa uku aka wuce lafiya, ya san inda aka rushe shagon mai faci. Dokar da haƙoranta ba sa kama kowa sai mai rauni, da wuya a roƙi mai raunin ya ga girmanta.

Amsar lauya tana nan a shirye. Tun 1978 Dokar Amfani da Filaye ta danƙa dukan ƙasar da ke cikin kowace jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana domin jama'a, kuma a Arewa ma wannan ba sabon abu ba ne, domin dokokin ƙasa na 1910 da na 1962 sun riga sun bi wannan hanyar. Abin da Baba ya bar mana, a idon doka, haƙƙin zama ne na shekaru ƙididdigaggu, ba ƙasar kanta ba. Dokar tsara birane ta 1992 kuma ta wajabta neman izini kafin a tayar da gini. Duk wannan gaskiya ne, sai dai bai amsa wa Kawu komai ba. Ya faɗa masa wanda ke da katafila ne kawai. Kawu kuwa ba ƙarfi ya tambaya ba, haƙƙi ya tambaya.

Abin da ya fara warware mini zaren shi ne lura da cewa katanga fuska biyu gare ta, kuma ɗaya ce kawai take kallona. Ɗaki ana gina shi ne domin na ciki. Katanga kuwa ana gina ta ne domin na waje: magana ce da nake yi wa duk wanda ba ni ba, cewa nan za ka tsaya. In na shafa wa ɗakina fenti kore ko na shuka zogale a tsakar gida, babu wanda na umarta da komai. In na ja katanga, na umarci mai tafiya ya kauce, na umarci ruwan sama ya sake hanya, na rage wa maƙwabci iska ko na ƙara masa inuwa, kuma na rubuta wannan umarni da siminti yadda zai fi ni tsawon rai. Wanda zai ɗora wa mutane umarni irin wannan, mafi ƙarancin abin da suke binsa shi ne ya tambaye su. Da na kai nan sai na ga maganar Kawu a juye take. Bene, in ya tsaya a tsakiyar fili, yana iya zama lamarin mai shi. Katanga ba ta taɓa zama lamarin mutum ɗaya ba, domin a kan iyaka take zaune, iyaka kuwa ta mutum biyu ce ko fiye.

Magabatanmu ba su jira Bature ya koya musu wannan ba. A cikin birni, wanda zai tayar da bango yakan kira maƙwabta da mai unguwa su tsaya a kai, a ga inda tsohon harsashi yake, a ga inda indararo zai zuba. Shari'a ma ta yi dogon bayani. An ruwaito daga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa idan aka yi jayayya a kan faɗin hanya a bar mata zira'i bakwai, wato sama da mita uku, a zamanin da abin hawa raƙumi ne da kayansa. An ruwaito gargaɗi mai tsanani ga wanda ya ci ko da taki ɗaya na ƙasa bisa zalunci. An kuma ruwaito hani ga mutum ya hana maƙwabcinsa kafa itacen rufi a jikin bangonsa, abin da ke nuna cewa bangon da ka gina da kuɗinka ma wani yana da rabo a cikinsa. A ƙarni na 14 wani magini a Tunis, Ibnur Rami, wanda alƙalai suke aikawa ya duba rigingimun gini, ya rubuta littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen bango da hanya da magudanar ruwa bisa mazhabar Malikiyya. A nan gida, Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu a kan yadda ake mallakar ƙasa. Ashe neman yarda kafin gini ba baƙo ba ne a wurinmu. Fayil ne baƙo, da benci, da "dawo gobe".

To, me ya hana mu koma wa tsohuwar hanya, in tara maƙwabta su tsaya mini? Ranar da na yi wannan tunani na fita na ƙirga. A layinmu kusan rabin filayen kango ne ko ciyawa. Masu su wani yana Abuja, wani ya saya ne ya ajiye, wani ba a ma san shi ba. Waɗanda suka tare kuwa duk sun ci nasu ƙafa ukun, kuma wanda ya ci ba zai hana ka ci ba, don cinka shi ne wankinsa. Mutanen da ƙafa ukun nan za su shafa ba sa nan da za a tambaye su: mai naƙudar da za a nemo wa mota da tsakar dare bayan shekara goma, 'yan kwana-kwana ranar da gobara ta tashi a ƙarshen layi, masu ɗauke da makara, yaran da ba a haifa ba waɗanda wannan layi ne kaɗai filin wasansu. Babu mai unguwar da zai iya tara su. Idan ofishin nan yana da wani dalili na wanzuwa da ya wuce karɓar kuɗi, to shi ne ya zama waliyyin waɗannan mutane, kamar yadda ake naɗa wa maraya wakili ranar rabon gado. Waliyyi yana iya zama malalaci, yana iya zama maci amana. Lalacewarsa ba ta mayar da dukiyar maraya halal ga wanda ya tarar da ita babu mai gadi.

Abin da ya fi ba ni tsoro game da ƙafa uku shi ne ƙanƙantarsu. Babu mutum ɗaya a layinmu da za a nuna a ce shi ya toshe hanya. Kowa zai rantse, kuma da gaskiyarsa, cewa abin da ya ɗiba bai hana kowa wucewa ba. Haka badalar Kano ta tafi. Ganuwar da Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ta, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa, ta ga yaƙe-yaƙe, ta ga zuwan Turawa a 1903, ta tsaya. Abin da ya cinye mafi yawanta shi ne ruwan sama da mutanen kirki, wannan ya ɗebi ƙasa kwando ɗaya, wancan ya ɗan matso da shagonsa. Katanga ɗaya ce da ta taɓa suturta gari duka. Yau kowa ya ja tasa ya dasa mata fasassun kwalabe.

Wannan duk tunanin benci ne, kuma tunani ba ya sa fayil tafiya. An nemi takardar mallaka, da taswirar fili, da zanen katangar, da shaidar biyan kuɗin ƙasa. Na kai. Aka ce wanda zai sa hannu ya yi tafiya. Na dawo, aka ce ba a ga fayil ɗin ba. A mako na huɗu wani mutum da nake yawan gani a farfajiyar, wanda ba ma'aikaci ba ne amma kowa yana gaishe shi, ya zauna kusa da ni. Ya ce ya ga ina shan wahala, kuma shi ba ya son ganin maraya yana wahala. Farashi biyu ya ba ni. Na farko, takarda ta fito cikin kwana uku. Na biyu, wanda ya ɗan fi tsada, takarda ta fito kuma mai awo ya zo da gajeren tef.

Na biyun bai ba ni wahalar ƙi ba, don na riga na san na wane ne ƙafa ukun. Na farkon ne ya hana ni barci. Na san an la'anci mai bayar da rashawa da mai karɓa. Na kuma san malamai da yawa sun yi rangwame ga wanda aka tare wa haƙƙinsa har ya zama ba shi da wata hanya sai ya bayar, suka ce zunubin yana kan mai karɓa. Ni kuwa haƙƙina nake nema, ba na kowa ba. Amma da na dubi bencin sai na ga wani tsoho da ya riga ni zuwa da mako biyu. In takardata ta fito cikin kwana uku, a kan tasa za ta taka. Ashe layin ofis ma hanya ce, kuma ana cin ƙafa uku a cikinta. Na ce wa mutumin na gode. Kada dai in wanke kaina fiye da kima: ranar da aka ce mai awo zai zo amma babu motar ofis, ni na biya kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa, na kuma saya masa ruwa. Har yau in aka ce in nuna daidai inda kuɗin mota ya ƙare na goro ya fara, sai in yi jim.

An ce hanyar lafiya a bi ta da shekara, amma masu karin maganar ba su faɗi wanda zai biya kuɗin shekarar ba. Ina cikin jira, a farkon 2024, farashin siminti ya yi tashin gwauron zabo, buhu ya haura naira 10,000 a wurare da dama. Kuɗin da za su yi mana katanga har da filasta suka koma ba za su kai ta tsayin da muka so ba. Sai da muka rage layi biyu na bulo. A cikin makonnin nan kuma aka ɗaga kwano ɗaya da dare aka tafi da tunkiyar Umma da ɗanta, ƙanwata ƙarama ta yi kwanaki ba ta yarda ta fita tsakar gida bayan isha'i. Kawu bai ce mini komai ba, kuma shirun nasa ya fi zagi ciwo. Ni na zaɓi tsabtar hannu, amma ba ni na biya ba. Mata uku ne suka biya, kuma ban tambaye su ba, ni da nake ta wa'azin a tambayi wanda abu zai shafa. Wannan ƙulli ban kwance shi ba har yanzu. Abin da kawai zan iya cewa shi ne, da za a maimaita, da na zaunar da Umma tun ranar farko na faɗa mata abin da jiran zai iya ci, ta zaɓa da kanta.

A mako na tara mai awo ya zo, saurayi ne kamar ni, ya ja tef daga dutse zuwa dutse, ya rubuta, bai nemi komai ba. Takarda ta fito. Na kawo ta gida ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi, na shimfiɗa ta a gaban Umma. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta daɗe tana kallon hatimin. Sannan ta ce, da yake ba ta kiran sunana, "Babana, gwamnati ka tambaya ta yarda. Mutanen bayan gida fa, ka tambaye su?"

Bayan gidanmu nan ne taswirar gwamnati ta ƙare, awon igiya ya fara. Gida na farko na ƙasa ne, na wani tsoho mai sayar da itace, kuma ya fi namu zama a kwari ta gefe ɗaya, ya fi shi tudu ta ɗayan, yadda duk ruwan da ya taru a lungunsu ta kusurwar filinmu yake bi ya fita layi. Ni ban taɓa lura ba. Umma ta lura tun Baba yana da rai, wata rana da suka zo duba gini aka yi ruwa. Katangar baya, wadda magini ya kafa wa turaku daidai kan dutse, wadda mai awo ya auna ya yaba, wadda hatimi ya halatta, ita ce za ta mayar da ruwan damuna cikin ɗakin ƙasa na tsohon nan. Makonni tara na yi ina kare haƙƙin mutanen da ba a haifa ba ta gaba, ban san ina shirin rushe ɗakin mai rai ta baya ba, da izini a hannuna.

Umma ta aike ni da goro. Na tarar da tsohon yana faskare, na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya ajiye gatari ya ce, "Yaro, tun ranar da na ga an kafa turaku nake lissafin inda zan kai iyalina in ruwa ya sauka. Ban zo ba ne don na ji an ce takarda kake nema, mu kuwa ba mu da takarda." Wannan magana ta fi duk abin da na karanta a jami'a nauyi a kaina. Takardar da na ɗauka murya ce ta waɗanda ba su da murya, shi a wurinsa ita ce ta rufe masa baki. Ofishin yana tambaya ne a madadin waɗanda ke cikin taswira. Wanda gidansa bai hau takarda ba, ruwansa ma bai hau ba. A nan Kawu yana da rabin gaskiya da ban ba shi ba: yaro mai biro bai san filin ba. Sai dai abin da ya biyo bayan haka ba shi ne a daina tambaya ba. Tambayar ce ta fi ofis faɗi.

Muka bar rariya a gindin katangar baya, muka sa mata ƙarfe saboda ɓarayi da ɓeraye, muka binne bututu ya ratsa tsakar gida har bakin layi. Kuɗin bututun su ne na ƙofar ƙarfe da muka so sakawa. Ta kwano muka sa. Damunar da ta biyo baya bututun ya toshe sau biyu da leda, ni da jikan tsohon muka zure shi da sanda cikin ruwa.

Ta gaba kuwa, maganar magini ta tabbata: gidanmu giɓi ne a layin. Masu adaidaita sahu sun gano shi, nan suke raɓewa su ba wani hanya. 'Yan ga-ruwa suna jingine kurarsu su huta. Wasu kuma, da dare, shara suke zubawa, ni nake kwashewa da safe ina ƙunƙuni. Kawu duk zuwan da ya yi sai ya tsaya a wurin ya auna da ƙafarsa, ɗaya, biyu, uku, ya girgiza kai ya shiga.

A watan jiya wani mutum ya yi sallama da ni. Ya ce yana so ya ajiye ƙaramin kes na sayar da katin waya da caji a cikin giɓin, zai riƙa biyana duk wata. Kuɗin da ya ambata za su ɗauke mana cefanen mako guda, ni kuwa har yanzu takardun neman aiki nake rabawa. Na ce masa wurin ba nawa ba ne da zan bayar haya. Ya dubi katangar, ya dubi layin, ya ce, "To na wane ne, Malam, in je in same shi?" Na buɗe baki, na waiga hagu da dama, babu kowa a layin sai wata yarinya da tallan gyaɗa a ka tana wucewa. Ya ce in yi shawara da Hajiya, zai dawo bayan Sallah.